Kada Ku Fitar da Inna Kande Daga Rubaɗi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rubaɗin Mata na Bagdadiyya, Jidda, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da shekarunka da matsayinka. Ina gaida sauran 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, da fatan iyali suna lafiya, da fatan zafin nan na bana yana zuwa muku da sauƙi.

Sunana Haruna Bawa, wanda kuka fi sani da Mu'allim Haruna mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na Mahjar. Zan fara da faɗin ko ni wane ne, don an gaya mini a zamanku na ƙarshe wani ya tambaya wai wa ya aiko ni. Ba wanda ya aiko ni. Aji uku na sakandare na tsaya a Gusau, don babu mai biya mini in ci gaba. Na shigo ƙasar nan da umra ina saurayi, da jaka ɗaya da takalmin roba. Na yi dako a halaƙa, kasuwar kayan miya, na ɗauki buhunan albasa har kafaɗata ta yi kanta. Na wanke motoci a Hindawiyya. Na tsaya bayan wani ɗan Yaman mai gyaran mukayyif ina riƙe masa tsani, bai taɓa buɗe baki ya ce mini ga yadda ake yi ba, da ido na koya. Da aka buɗe ƙofar gyaran takardu, ni na yi ta zirga-zirga da ƙafata har na sami kafili mai tsaya mini, na sami iƙama, takardar izinin zama, ban bi ta gidan kowa a cikinku ba. Yau ina da ma'aikata a ƙarƙashina a warsha, shagon gyarana. Na gina gida a garinmu, na aurar da 'yata ta fari, na kawo mahaifiyata aikin Hajji da gumina. Ban taɓa tsayawa a layin kwalin azuminku ba, kuma da yardar Allah ba zan tsaya ba. To wanda yake rubuto muku ba maroƙi ba ne, ba kuma mai neman kujera a kwamiti ba. Na rubuta da Hausa don a karanta wa tsofaffin su ji da kunnensu. Matasanku da Hausar ta yi wa nauyi, zan sa ɗana ya juya musu da Larabci.

Tunda wasiƙar nan za ta zaga wayoyin mutanenmu har gida, ga wanda bai sani ba: rubaɗi gidan wakafi ne da ake ba tsofaffin mata marasa kowa ɗaki su zauna kyauta. Namu na Bagdadiyya alhazan farko ne daga cikin mutanenmu suka bar shi, ku kuma kuke riƙe da shi a madadin al'umma. A hawa na sama akwai wata tsohuwa, Inna Kande. Ta haura tamanin, ita ma ba ta san adadin ba. Kun aika mata takarda cewa kafin ƙarshen watan Safar ta bar ɗakin. A kan wannan takardar nake magana.

Wace ce Inna Kande, ai ba ni zan gaya muku ba. Ta sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙofar makaranta har wasu daga cikinku sun ci ta bashi suna yara. Ita ake bugawa ƙofa idan mace ta rasu a cikinmu, ta ɗauki mayafinta ta tafi wanka, ba ta taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ba. Da mahaifiyata ta gama Hajji ciwo ya kama ta, ta cika a nan Jidda, ba ni da 'yar'uwa ko ɗaya a garin nan. Inna Kande ce ta wanke ta, ta yi mata sutura. Na miƙa mata abin hannuna, ta ce in mayar aljihu kafin ta ɓata mini rai. Ranka ya daɗe, kai ma ka san wadda ta wanke taka.

Bayan ƙaramar Sallah ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Asibiti sun yi aikinsu sun sallame ta, amma ƙafar ba ta koma ta ɗauke ta ba. Tun lokacin tana kwance.

Na farko, maganar sharaɗinku. A dokar rubaɗi kun ce ba mai zama sai wadda take iya hidimar kanta: ta dafa, ta yi wanka, ta shiga banɗaki da ƙafarta. Na ji dalilinku, cewa gidan ba asibiti ba ne. Amma ina tambaya, gidan tsofaffi ne ko gidan masu shirin tsufa? Macen da kuka karɓa tana da shekara sittin, kuna tsammanin haka za ta tsaya? Sharaɗin nan ma'anarsa ɗaya ce: muna riƙe ki muddin ba ki buƙatar mu, ranar da kika buƙace mu ki fita.

Kuma bari in gaya muku abin da sharaɗin ya haifar, don ku ba ku sani ba. Ku maza ne, idan kun zo ziyara a bakin ƙofa kuke tsayawa, ku yi sallama, a amsa, ku ajiye kwali ku wuce. Kuma sai kun aiko an sanar kafin ku zo. Ni aikina ya sa nake shiga har ƙuryar ɗaki, tsani a kafaɗa, shekara da shekaru ina gyara musu mukayyif ban karɓi komai ba. Na ga abin da ake yi ranar zuwanku. Su da kansu ranar kai amarya suke kiranta. Tun da safe masu sauran ƙarfi za su bi ɗakunan waɗanda suka kwanta. A yi wa mace wanka, a sa mata kwalli, a fito da atamfar ƙasan akwati. A ɗaga ta a jingina da bango, a tokare ta da matasai hagu da dama, a ja mayafi a rufe matasan. Fo da famfas da ledar shimfiɗa a hau da su saman rufi. A kunna turaren wuta ya cika gidan. Sannan a ɗora mata tire a cinya da 'yar shinkafa, wai tana tsinta. Akwai wata baiwar Allah da hankalinta ya fara tafiya, na gan ta da idona tana tsince tsakuwar tana mayarwa cikin shinkafar, na kusa da ita tana danne mata hannu tana murmushi. Duk tambayar da kuka yi, amsa ɗaya ce, alhamdulillahi. A ziyararku ta bayan babbar Sallah haka aka jingina Inna Kande, ƙugu a karye, har ɗaya daga cikinku ya leƙa ya ce masha Allah, khala, wato inna, ta fi mu ƙarfi. Da kuka fita sai da aka yi mata fifita, don azabar zaman ta sa ta kusa suma.

Ba don su cuce ku suke yi ba. Mutanenmu ne, kun san mu, ko yunwa ke cin mutum sai ya share baki ya ce ya ƙoshi idan baƙo ya shigo. Ga kunya, ga kuma tsoron sharaɗinku a kai. Shi ya sa a wurinku kowa lafiya lau yake a gidan nan, alhali a hawan sama kaɗai na san waɗanda rabonsu da ganin titi an daɗe.

Na biyu, abin da na yi da abin da kuka yi. Mai jinyar Inna Kande maƙwabciyarta ce, Inna Mairo, wadda ita ma ta kusa shekarunta, ga ciwon sukari, ido ɗaya ya tafi. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ya fito. Tsohuwa na ɗaga tsohuwa. Da matata ta je gaishe su ta taya juyi, sai ta dawo tana kuka, ta ce bayan Inna Kande ya buɗe, gyambon kwanciya ya ci har ya fara wari, sun rufe shi da tsumma da man zafi. Na tambayi wani ma'aikacin jinya da nake yi wa gyara, ya ce abin da take buƙata gadon asibiti ne da katifar iska, da mace mai ƙarfi da za ta riƙa juya ta tana wanke ciwon. Gadon da katifar na ce ni zan saya. Amma gadon ba zai hau matakalar gidan ba, na auna da kaina. Sai an sauko da ita ƙasa, saukowa kuma sai da izininku.

Shi ne na zo zamanku. Na rufe warsha, na sa farar riga, na zauna na jira kuka gama maganar walima. Na faɗa muku gaskiya tsirararta, na ce matar nan ba ta tashi, ba ta iya komai, ga halin da bayanta yake ciki, ku ba ta ɗakin ƙasa, ku taimaka da mai jinya. Kuka ce jazakallahu khairan, za a duba. Na fita ina ganin na yi abin kirki. Abin da aka duba shi ne sharaɗi. Maganar da na kawo muku don a taimake ta, ita kuka ɗauka kuka rubuta takardar kora da ita, har da cewa bisa shaidar wani amintacce. Da na koma na sami sakatarenku, yaron kirki ne ban ce ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce mini, "Nizam nizam ne, ya Mu'allim. Halas." Wato doka doka ce, magana ta ƙare.

Yanzu ku ji inda kuka ajiye ni. Matan da suke kirana ɗansu, yau ɗan rahoto suke kirana. Na je da kayan aiki don mukayyif ɗin wani ɗaki ya tsaya, Inna Mairo ta tare ni a bakin matakala, ta ce in koma da tsanina, gara zafi ya dafa su da in ga wani abin in kai gaba. Ta ce da ma can idona ya cika yawo. A wannan zafin na Jidda, tsofaffi suna rataya jiƙaƙƙen zane a taga saboda tsoron kada mai gyara ya shigo ya gani. Daga baya da kyar matata ta roƙa aka bar mu muka shiga wurin Inna Kande. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni daga kwancen ta ce, "Haruna, ni na ce maka gado nake so?"

Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, gobe ma in na ga gyambo zan ce gyambo ne. Amma ku sani, darasin da kuka koya wa gidan nan shi ne duk wadda ciwonta ya fito fili ta rasa ɗakinta. Daga yau ko ruɓewa mace take yi a kan tabarma ba mai faɗa muku.

Na uku, hanyoyin da kuka nuna mata. Kun ce a kai ta gidan tsofaffi na hukuma. Gidan hukuma yana da sharuɗɗansa, na 'yan ƙasa ne, kun sani kafin ku faɗa. Inna Kande tun da kafilinta ya rasu takardunta suke tangal-tangal. Kun ce akwai gidajen jinya na kuɗi. Na je na tambaya, abin da suka faɗa mini na wata ɗaya ko ni mai warsha sai da na nemi kujera na zauna, balle mai gyaɗa. Sannan kuka ce mafi alheri a haɗa mata tikiti a mayar da ita gida wurin danginta. Wane gida? A bayan uwarta ta baro wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, suka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, ta yi wayo a hanya. Ko sunan ƙauyen idan ta faɗa yau, gobe wani take faɗa. Mijinta a nan aka binne shi, 'ya'yanta biyu ma a nan aka binne su. Ku ɗauki mace da karyayyen ƙugu ku sauke a filin jirgin Kano, ku ce wa ya zo ya ɗauka?

Kafin wani ya ce to shi mai surutun me ya hana ya kai ta gidansa: na yi tayi, matata ma ta yi. Ta ce a'a. Ta ce a cikin ƙawayenta take so ta mutu, inda idan ta yi tari wata za ta ji ta bango ta ce sannu. Ni kuma tun da aka yi rusau muka baro Hindawiyya, shaƙƙar haya nake ciki, wani sashen bene a Mahjar, hawa na uku, ba lif. Kuma ai nan ne gaba ɗayan matsalar take. Da, a Hindawiyya, ba a san wani abu wai shi jinyar tsoho ba, don lungu ɗaya muke. Kwano ya fita daga wannan gida, 'yan mata su shiga su yi shara, wata ta zo ta yi wanki. Yanzu an watse, wani yana kudu wani yana arewa, kafin ka je gaida tsohuwa sai ka shiga mota ka ci rabin yini a cunkoso. Lungun da yake riƙe tsofaffinmu babu shi. Dokarku an rubuta ta lokacin da lungun yake raye. Ku kuna nan kuna karanta ta kamar ba abin da ya canza.

Na huɗu, ɗakin ƙasa. Sakatare ya ce babu wuri. Akwai. Ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, mai banɗaki a ciki, na san shi don ni na sa masa waya. Me ke ciki? Kujerun roba, manyan tukwanen walimar Sallah, da dardumar da ake shimfiɗa wa baƙi. Tukwane suna kwana a ƙasa kusa da banɗaki, tsohuwa tana sama ana kwashe mata a fo. Ku ba ni izini kawai, in zo da motar warsha in kwashe su in ajiye muku a wurina, duk ranar walima in kawo muku har ƙofa a wanke.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. Dokarku ta bar ƙofa ɗaya: wadda ta kasa za ta iya zama idan ɗanta ko ɗan'uwanta na jini ya sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyin jinyarta. Na ce ga ni. Aka ce ni ba jininta ba ne. Ranka ya daɗe, ka duba wannan magana da kyau. Gida ne da kuka ce na marasa kowa, ba ku karɓar mace sai ta tabbatar ba ta da kowa. Sannan ranar da ta faɗi ku ce ta kawo ɗa. Daga ina? Da tana da ɗa ai da ba ku ba ta ɗakin ba tun farko. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ko injin da aka haɗa haka, waya ɗaya tana kashe ɗaya, ba zan bari ya fita daga warshata ba.

Kuma kada ku ɗauka wannan maganar mata ce kawai. Ni na doshi sittin. Iƙamata a jikin aikina take, ranar da gwiwa ta ƙi hawa tsani ban san me za a ce mini ba, ko da yake ni na yi tanadin inda zan koma. Da yawa daga masu dako da direbobi da masu gadin da muka zo tare ba su yi ba, kuma gashinsu ya yi fari. Suna kallon abin da za ku yi da Inna Kande.

Ga abin da nake nema, ba kuma a ɓoye ba.

Ku janye takardar nan kafin Safar ya ƙare, ku aika mace ta je ta gaya mata da baki cewa ɗakinta nata ne, don tun da takardar ta zo ba ta cin abincin kirki.

Ku ba ta ɗakin ƙasa. Gado da katifa da mukayyif da ƙarfen riƙewa a banɗaki, duk a kaina.

Ku gyara sharaɗin hidimar kai. Wadda ta shigo da ƙafarta ta tsufa a hannunku, ba a fitar da ita don ta tsufa.

Ku ɗauki mace ɗaya mai ƙarfi cikin matanmu masu neman aiki, a koya mata juyi da wankin ciwo, ta riƙa kwana a gidan. In an rage naman walima shekara ɗaya ba wanda zai mutu.

Ku sa mata a kwamitinku, waɗanda za su shiga ɗaki su ɗaga mayafi su ga matasan. Amma kafin su shiga, kai da kanka, ranka ya daɗe, ka tsaya a tsakar gidan ka faɗa da Hausa kowa ta ji cewa ba wadda za a kora don ta nuna ciwonta. In ba ka faɗi wannan ba, ko likita kuka kawo tiren shinkafa zai tarar.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa tsufanka ya zo a cikin 'ya'ya da jikoki masu juya ka ba tare da ƙyama ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka bar mana gidan nan, ya ba ku ikon riƙe amanarsu, ya sa ku gama da ita lafiya.

Na ƙarshe, wurin da aka bari don sa hannun ɗa ko ɗan'uwa, ku rubuta sunana. Ba wani amintacce ba, kamar yadda kuka sa a takardar kora. Tunda shaidata ta isa a fitar da ita, sa hannuna ya isa a bar ta. Ku rubuta shi cikakke, Haruna Bawa, ku sa lambar iƙamata a gefe, ku karanta a zamanku kowa ya ji. Abincinta, maganinta, famfas ɗinta, kai ta asibiti da dawo da ita, har zuwa likkafaninta idan lokaci ya yi, a tambaye ni. Idan aka wayi gari aka same ta cikin ƙazanta ko da yunwa, ku kira ni gaban jama'a ku tozarta ni, na yarda. Ina warsha kullum daga safe har la'asar, ku aiko da takardar, ko ku ce in zo.

Wassalam.

Naku,
Haruna Bawa (Mu'allim Haruna mai mukayyif),
Mahjar, Jidda.